Haske Bai Yi Ba

Ranar da Dijatu ta nemi a ɗauke ta hoto Laraba ce, cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya na rana, mijinta kuma ya ce mata haske bai yi ba. Bayan wata huɗu aka kai ta makwancinta.

Mijin nata, Malam Na'Allah, mai hoto ne. Shekara arba'in ya yi yana wannan sana'a a wani ɗan shago a Ƙofar Atiku, tun zamanin da mai hoto ke da ɗakin duhu da jar fitila, har zuwa zamanin da mai tallan kankana ma ya zama mai hoto don kawai yana da waya a aljihu. Ya ɗauki amare da angwaye, ya ɗauki maniyyata masu neman fasfo, ya ɗauki 'yan makarantar da daga baya suka zama manya suka daina gaishe shi. Matarsa kaɗai ce bai taɓa ɗauka ba. 'Yar gidan malamai ce, ta tashi inda ba a rataya fuskar mutum a bango. Ba ta taɓa ce masa sana'arsa haram ce ba. Shekara talatin da takwas tana tuƙa tuwon da sana'ar ta kawo, ko tsaki ba ta taɓa yi ba. Amma duk ranar da ya nufe ta da kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ɗauki na mutane, Malam," take cewa. "Ni kullum kana ganina, mi za ka yi da takarda?"

A wannan Larabar da sassafe ta fita ita da autarsu Sadiyatu, wadda ke aure a unguwar Gidan Dare. Barka suka ce za su. Da suka dawo Dijatu ta shige ɗaki ta daɗe, sannan ta fito cikin atamfar da ta ajiye tun Sallah, ta ja kwalli, ta yafa farin mayafi. Ta ɗauko 'yar kujera ta dasa a bakin ƙofar ɗakin mijinta, inda yake kishingiɗe yana karatu, ta zauna. Tsakar gida na bayanta, rana ta dake ta har ta yi fari fat.

"Malam, ɗauko kayan aikinka ka ɗauke ni."

Ya sauke littafin. "Wa za a ɗauka?"

"Ni. Ko na tsuhwa da yawa?"

Gabansa ya faɗi kamar na saurayi. Da ya bar zuciyarsa ta yi magana, da labarin nan bai samu ba. Amma sana'a ce ta riga ta zuwa bakinsa. Ya dubi ƙofar, ya ga abin da kowane mai hoto ke gudu: rana a baya, fuska a inuwa. Kyamara irin tasa ba ta iya ganin biyun a tare. In ka buɗe mata ido don fuska ta fito, tsakar gida ta ƙone ta zama farar takarda. In ka tsuke don tsakar gida, fuska ta koma baƙi kamar gindin tukunya. Ya san dabara goma ta gyara wannan. Da ya ce ta matso ciki taku biyu, an gama. Sai dai shi wannan hoton ya daɗe da ɗaukarsa a ransa. Ya san wurin: gindin katangar gabas, bayan la'asar, lokacin da rana ke karkata ta bugi katangar ta dawo a sanyaye, launinta kamar na man shanu. Shekaru yana kallon hasken nan yana sauka a fuskarta in tana tsintar shinkafa, yana cije leɓe.

"Haske bai yi ba," ya ce. "Bari sai bayan la'asar."

"Yanzu nika so."

"Shekara talatin da takwas nika jiranki. Ke ba ki iya jirana awa ukku?"

Ta yi 'yar dariya, ta dubi hannunta da ke ƙarƙashin mayafi. "To, Malam. Kai kas san haske."

Sadiyatu na tsaye cikin ɗakin da kwanon ruwan da ta kawo wa ubanta. Ta ajiye shi, ta zaro waya. "Inna, dubo nan." Uwar ta ɗago kai, 'yar ta danna. Ta miƙa wa ubanta wayar tana murmushi. "Baba, ga shi ya yi, ba mu jira la'asar ba."

Ya kalla, kallon da bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Ga fuskar Dijatu tas, har da ɗan ramin da ke kumatunta na hagu. Ga tsakar gida a bayanta, ga randa, ga ganyen lemun tsami ɗaya bayan ɗaya. Ya san yadda aka yi. Wayoyin yanzu na da wata dabara da ake kira da haruffa uku, HDR. Kafin ka ɗauke yatsa wayar ta ɗauki hoto uku ko fiye, wani don haske, wani don inuwa, wani tsaka-tsaki, ta haɗe su wuri ɗaya ta ba ka. Na'Allah ya tsani abin tun ranar da ya fara ganinsa. A majalisar ƙofar shagonsa ya sha cewa inuwa sutura ce, Allah bai yi ta don wasa ba, kuma hoton da ba ya ɓoye komai ɗan gulma ne.

"Ƙarya ta," ya ce, ya mayar mata da wayar. "Rana na bayan mutum huska ta hito haka? Ko idon da Allah ya ba mu sai shi zaɓi ɗaya. Ɗauke min abin nan."

Kafin la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Wani tsohon tela maƙwabcinsu ya rasu, za a yi jana'iza da an idar da salla. Na'Allah ya bi gawa har maƙabarta, bai dawo ba sai dab da magariba. Ya tarar hasken ya bar katanga, atamfa ta koma akwati, Dijatu na bakin murhu da tsohon zaninta.

Washegari da la'asar ya goge kyamara ya fito. "To, yau hwa?"

"Kwalliyar ta wuce, Malam."

Ya ji haushi. Ya ɗauka ramuwa take yi, shi kuma ba mutum ba ne da ke roƙon abu sau biyu. Ya mayar da kyamara cikin jaka, ya ƙudura cewa ita za ta sake nema. Ba ta sake ba. Damina ta faɗi, sama ta rufe, Dijatu ta fara rama. A watan Yuni ta ce masa cikinta na damunta, su je asibiti. Daga nan sai yawo daga wannan layi zuwa wancan, yana riƙe da shuɗin katinta na asibiti, har ranar da aka daina neman katin.

Mutane sun ce Malam Na'Allah ya yi haƙuri irin na manya. Gaskiyar ita ce bai san abin da ya rasa ba sai bayan addu'ar arba'in, wata safiya da ya so ya tuna fuskarta ta ƙi zuwa. Muryarta na nan. Gyaran muryar da take yi kafin ta ɗaga labule na nan, har fason diddigenta yana iya gani. Fuskar ce kawai ke zillewa, kamar kifi a hannun wanda bai iya su ba. Shi da zai ga tsoho a kasuwa ya ce masa, "Na ɗauke ka ranar da kac ci jarrabawa, kana da tabo a gira," shi ne ya kasa haɗa idon matarsa da hancinta.

Ya sauko da kwalayen tsofaffin fim ɗinsa, yana ɗaga su sama ɗaya-ɗaya ko ta taɓa faɗowa cikin wani bisa kuskure. Kwana shida ya yi. Ya sami hannunta a hoton wani suna, riƙe da faranti. Ya sami bayanta a hoton bikin Sadiyatu. Ta iya ɓuya, Allah ya jiƙanta. Saura katin zaɓenta, mai hoto kamar girman farce, wanda ya koɗe ya zama irin fuskar da gwamnati ke ba kowa, ta wanda aka kama da kayan sata.

Sai ya haɗiye girman kai, ya tafi Gidan Dare.

"Hoton nan da kinka ɗauka," ya ce wa Sadiyatu bayan sun gaisa, yana kallon tabarma. "Na bakin ƙohwa."

"Wanda kac ce ƙarya na?"

"Shi."

Ba ta yi dariya ba, ya kuwa gode mata a ransa. Ta ce wayar ta faɗa bahon wanki tun kafin rasuwa, an kai ta wurin gyara an ce ba ta tashi. Amma ta tura wa maigidanta hoton, yana wurinsa. "Har ya gyara shi, Baba. Shi anka yi ta turawa ranar rasuwa. Ba ka gani ba?"

Bai gani ba. Wayarsa ta kira da amsawa ce kawai, yana kuwa alfahari da haka. Kalmar gyara ce ta tsaya masa a rai.

Surukin nasa, Saifullah, shi ma mai hoto ne, irin na yanzu. Shagonsa na Kwalkwalawa, inda ɗaliban jami'a ke zuwa a wanke musu hotunan gama karatu. Na'Allah bai taɓa taka shagon ba. Ya hau kabu-kabu ya je, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango. Ɗalibai ne jere cikin rigar digiri, kowanne sama a bayansa ta yi baƙi da shuɗi kamar ranar tashin alƙiyama, kowanne da farin zobe kewaye da kansa, kamar dukansu waliyyai ne aka yaye a shekara ɗaya.

Saifullah ya taso da sauri ya durƙusa. "Baba, da kanka? Ai da ka aiko in zo." Mutumin kirki ne, shi ya yi ta kai da kawo a asibiti ba gajiya. Da ya ji abin da ya kawo surukinsa sai fuskarsa ta washe. "Wallahi na daɗe da wanke shi, har na sa mai hiram. Kunyar kawo maka nika ji, kai da kas san aiki." Ya shiga ciki ya fito da wani babban firam, ya jingina shi a kan tebur, ya ja baya yana jiran yabo.

A hoton, wata mata ce zaune a bakin ƙofar Na'Allah, cikin atamfar Dijatu. Fatarta ta yi toka-toka tana ƙyalli kamar tukunyar da aka dirje da yashi. Duk wani layi da shekaru suka ja a fuskarta an bi shi an zurfafa, har ta zama kamar ƙasar fadama da rani. Kwallin ya bazu ya zama ramuka biyu. Ɗan ramin kumatun ya ɓace cikin sauran ramukan. Farin mayafin ya yi dauɗa, farin zoben nan na kewaye da shi. Atamfar na ihu, ganyen lemun tsami ya yi kore irin na roba. Babu inuwa ko ta kwabo a hoton. Ƙarƙashin kujera a bayyane, bayan ƙofa a bayyane, cikin randa ma kaɗan ya rage a gani.

Da wani ne ya yi wannan aikin, da Na'Allah ya wanke shi tas ba sabulu. Amma suruki ne, mijin autarsa, ba a ɗaga wa suruki murya. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Malam Saihu, ka yi ƙoƙari. Ina na asalin?"

"Baba, ai wanga ya hi shi nesa ba kusa ba. Wancan sanyi-sanyi shike, ba shi da ƙarhi. Ni kau na ja mai komi har ƙarshe, na buɗe inuwar duka. Dubi, har zaren mayahi ana ƙirgawa."

"Na ga zaren. Matar nika nema."

Saifullah ya juya kan kwamfutarsa ya hau bincike, gumi na tsattsafo masa. Ya duba nan, ya duba can, ya duba wayarsa, ya kira wani abokinsa. Sun fi awa ɗaya. A ƙarshe ya ce, murya ƙasa-ƙasa, lokacin yaye ɗalibai wuri ya cika masa, ya share na asalin duk hotunan da ya riga ya gyara. Haka yake yi kullum. Wa ke ajiye ɗanyen abu bayan ya dafa?

"Gaskiya ne," in ji Na'Allah. "Allah shi yi albarka."

Ya rungumo firam ɗin a kan kabu-kabu har Ƙofar Atiku, ya jingina shi a ɗaki, fuskarsa na kallon bango. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya ga na asalin, kuma mai kyau ne. Yanzu ya yarda. Wayar ta yi abin da kyamararsa ba ta iyawa, ta riƙe rana da hannu ɗaya ta riƙe fuska da ɗayan, ba ta zubar da ko ɗaya ba. An miƙo masa matarsa a tafin hannu, ya ba ta ƙiftawar ido biyu, ya ce ƙarya ce.

Bayan kwana uku ya juyo da firam ɗin. Ya ɗauko gilashin ƙara girma da yake gyaran hoto da shi a da, ya fara bin fuskar gaɓa-gaɓa, ko akwai inda hannun Saifullah bai kai ba. Goshi babu. Ido babu. Ya sami gefen kunne, ya daɗe a kansa. Ya gangaro wuya, ya bi mayafin har cinyarta, wurin da a hoto mai mutunci baƙi ne kawai za a gani. A nan, cikin inuwar da aka yaye, ga hannunta na dama a dunƙule. Tsakanin yatsunta gefen wani kati ya leƙo, shuɗi, kusurwarsa a lanƙwashe.

Ya san katin. Ya san lanƙwasar. Wata biyu ya yi yana miƙa shi ta tagogin asibiti, yana ɗauka a watan Yuni aka buɗe shi.

Ran Juma'a Sadiyatu ta zo da abinci kamar yadda ta saba. Ya bari ta zauna.

"Rannan, barkar wa kunka tahi?"

Ta dubi firam ɗin, ta dubi gilashin da ke gefensa, sai hawaye. "Inna tac ce kar in hwaɗi."

"Innarki ba ta nan. Ni nika tambaya."

"Asibiti munka tahi, Baba. Sakamako munka amso. Likita ya ce abin ya riga ya yi nisa." Ta share fuska da bakin hijabi. "Cikin keke ba ta yi kuka ba. Sai tac ce min, Malam ya daɗe shina roƙona abu guda ina hana shi. Bari in ba shi tun da sauran huska."

Can Na'Allah ya tambaye ta, "Mi ya hana ta sake nema?"

"Ta ce rannan kaɗai tas samu ƙarhin hali. Da gari ya waye kunya ta dawo mata."

Ya gyaɗa kai, ya ce ta zuba abincin, ya kuma ci, don kada ta tafi da damuwa.

Bai mayar da fuskar firam ɗin bango ba. Ba shi da wani. Kullum yana kallonsa, kullum kuma matar cikin firam na ƙara cin wurin ta gaskiyar a ransa. Yanzu in ya rufe ido ya kira Dijatu, mai fatar toka ce ke zuwa, da farin zobenta. Ya san nan gaba kaɗan ba zai ƙara sanin bambancin ba, jikokinsa kuwa wannan za a nuna musu a ce ga kakarku. Ya daina zama a majalisar ƙofar shago. Da wani ya tsokane shi a hanya ya ce, "Malam, yaya batun inuwa sutura?" sai ya ce masa gaskiya ne, tana suturta makaho ma, ya wuce.

Hasken nan kuwa bai taɓa saɓa alkawari ba. Tun da damina ta ɗauke, kullum bayan la'asar sai ya sauko kan katangar gabas, ya dawo a sanyaye, launin man shanu, ya kwanta daidai inda take zama tana tsintar shinkafa. Na'Allah kan dawo daga masallaci ya tarar da shi yana jira. Sai ya ɗauko 'yar kujerar ya ajiye a gindin katangar, ya gyara mata zama, ya koma bakin ƙofa ya tsaya har hasken ya hau katanga ya fice. Maganar na nan a bakinsa tun waccan Larabar, ya tanade ta tun kafin a yi sallama a ƙofar gida:

"Hito, Dijatu. Haske ya yi."